Dakan Zaituna

Ƙafar matata Zaituna ta karye a ƙasan gwiwa, wuri biyu, daidai lokacin da sanyi ya fara kamawa.

Daga wani suna take dawowa a Malumfashi. Ɗan acaba ya shiga yashi a kwanar garinmu, babur ya kwanta a kanta. Shi ya tashi ya kaɗe riga. Ita ba ta tashi ba.

Ɗanjuma mai ɗori ya zo ya ja ƙafar, ya jera mata karare, ya ɗaure. Da zai fita sai ya tsaya a bakin ƙofa ya nuna ni da yatsa.

"Maiwada, ƙashin da ya karye cikin sanyi ba ya son gaggawa. Kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai na ce."

"Na ji."

"Ba kai nake ji ba. Ita nake ji. Na san irinsu, ba su iya kwanciya ba."

Makon farko gida ya cika da 'yan sannu, kwano na shiga kwano na fita. Nana Aisha, matar ƙanena Zubair, takan leƙo ta ɗora mana tukunya. Da aka shiga mako na biyu sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Ban ga laifin kowa ba. Nana Aisha ga goyo ga yara cike da tsakar gida. 'Yarmu tilo, Najiba, tana aure a Zariya da tsohon ciki, an hana ta hawa mota.

Sai ya rage daga ni sai Zaituna sai sanyi.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Noma na sani, masara da dawa da auduga. Nuna mini gona in gaya maka abin da za ta bayar. Amma ranar da na tsuguna gaban murhu na gane akwai aikin da na shekara da shekaru ina ci ban san yadda ake yinsa ba.

Da asuba in hura wuta, yatsuna sun ƙage ashana na suɓucewa. In ɗora ruwa, in sirka, in kai mata ta yi alwala a kan gado. In ɗebo garwashi a kasko in tura ƙarƙashin gadon, don ta ce sanyi yana bin karayar kamar ana soka mata allura. In shafa man kaɗanya a 'yan yatsun ƙafar da suka leƙo daga cikin ɗori, sun kumbura sun yi sanyi kamar ba nata ba.

Sannan in ɗauke ta zuwa ban ɗaki.

Wannan ya fi komai yi mata ciwo. Sai ta cusa fuska a wuyana.

"Malam, rufe idonka."

"In na rufe ido muka zube mu biyu, wa zai kwashe mu?"

"To ka riƙa kallon sama."

"Amarya, yau na fara ganinki?"

Amarya nake ce mata tun ranar da aka kawo ta. Ga furfura ta fara fito mata a gefen kunne, ban canza ba, ita ma ba ta ce in canza ba.

Zannuwanta ni ke wankewa, in shanya a bayan rumbu inda mai shigowa ba zai gani ba. Ita ta roƙe ni haka. Tuwo kuwa, duk yadda na tuƙa sai ya fito da gudaji. Ta ɗauki loma ta juya ta a baki.

"Malam, wannan tuwo ne ko tsakuwar titin Funtua?"

"Ki ci, ƙashi yana son abu mai tauri."

Ta yi dariya har ƙafar ta amsa, ta riƙe cinya tana cije leɓe. Amma ta cinye.

Ba zan ce ban gaji ba. Na gaji, gajiyar da ban taɓa yi a gona ba. Gona tana da magariba, wannan ba ta da ita. Bayana ya riƙe, hannuwana suka tsattsage da ruwa da toka. Audugata ta buɗe a gona tana zuba, sai 'yan ƙwadago na tura, ban san me suka tsinka me suka bari ba. Wata rana na zauna ke nan a bakin ƙofa ta kira ni in ba ta ruwa, na ce, "Ke ba kya bari mutum ya sauke numfashi?"

 Bayan kwanaki na lura kofin ruwanta yana wuni a cike, leɓenta ya bushe ya fashe.

"Me ya hana ki shan ruwa?"

"Ba na jin ƙishi. Sanyi ne."

"Ƙarya kike."

Ta kawar da kai. "In na sha, sai ka ɗauke ni."

Na ɗauki kofin na sa mata a baki, na tsaya a kanta har ta shanye. Irin halinta ke nan. Gara ta cuci kanta a ɓoye da ta ga an wahala dominta.

Abin da ya jawo mana magana a gari shi ne turmi.

Niƙa dai a inji ake yi, wannan ba damuwa. Amma maganin da take sha ya kashe mata baki, ba abin da ke shiga da daɗi sai kunun tsamiya, na geron da aka surfa a gida. Ga daddawa, ga barkono, ga kuka. Duk sai turmi.

A unguwarmu kowace mace an san dakanta, ko ba a gan ta ba. Na Nana Aisha sauri-sauri ne kamar wadda aka biyo. Na Zaituna kuwa da tafi yake. Sai ta cilla tabarya sama, ta tafa hannu, ta cafe, ta sauke. Dum, tafi, dum. Ba ta taɓa kuskurewa.

Da wannan tafin ta kama ni. Ina saurayi na je Matazu sayen wake, aka zaunar da ni a wani zaure ina jiran mai kaya, sai na ji shi daga cikin gida. Na manta da wake. Na tambayi mai gidan, "Wace ce ke daka?" Ya ce ƙanwarsa ce. Na ji ta kafin in gan ta, kuma da na gan ta ban ji an cuce ni ba.

To yanzu tabaryar ta dawo hannuna. Nawa dakan kamar ana sarar gawo. Tana kwance a ɗaki tana ba ni umarni ta taga.

"Malam, ba faɗa kuke da turmin ba. Saki hannunka. Bar ta ta faɗo da kanta."

"Tana faɗowa."

"Geron kake kashewa. Surfe ake, ba gari ba."

Matan maƙwabta suka fara leƙo murya ta katanga. "Zaituna, mai faskare kuka ɗauka ne?" A teburin mai shayi kuma da na zauna sai wani ya ce, "Sannu uwargida, yau me aka girka mana?" Na ce, "Tuwo ne da gudaji. In kana so ka taho da kwanonka." Aka yi dariya. Ni wannan bai dame ni ba. Bakin mutane ba ya ɗaukar mara lafiya zuwa ban ɗaki.

Wadda abin ya dama ita ce mahaifiyata, da muke kira Tsohuwa. A sashen Zubair take, ɗakinta katanga ɗaya da tsakar gidana. Duk saukar tabarya a kunnenta take.

Ranar wata Laraba da hantsi ta shigo, ta lulluɓa da bargo, tana dogara sanda. Ta same ni tsaye a kan turmi, zufa na keto mini cikin sanyi.

"Ajiye."

Na jingine tabaryar na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba.

"Ubanka har ya koma ga Allah bai san inda ake rataye ludayi ba."

"Tsohuwa, shi matarsa ba ta karye ba."

"Kada ka mayar mini da magana. Mace in ta kwanta ciwo gidansu ake kai ta, 'yan uwanta mata su yi jinyarta, ta warke ta dawo ɗakinta da mutuncinta. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata."

"Gidan wa? Iyayenta sun rasu. Yayanta ɗaki biyu gare shi da yara fal. A zaure za su shimfiɗe ta cikin sanyin nan?"

"Jininsu ce, su san yadda za su yi."

"Ba buhu ba ce da zan mayar don ya yage."

 Da ta sake magana muryarta ta sauka.

"Dubi wuyanka, Maiwada. Dubi hannunka. Kowace safiya in na ji abin nan sai in ji kamar a ƙirjina kake dakawa. Ni na haife ka, ban haife ka don yara su riƙa kwaikwayon dakanka a lungu ba." Ta gyara bargo. "Na yi magana da Zubair. Ran Asabar mota za ta zo ƙofar gida. In dai ba ta tashi ta riƙe gidanta ba, Matazu za ta. Kai kuma in ka ƙara taɓa tabaryar nan, ban yafe ba."

Ta leƙa ɗaki ta ce, "Sannu Zaituna, Allah ya ƙara sauƙi." Ta fita.

Ni mutum ne mai taurin kai, kowa ya sani. Na yi gardama da dillalan auduga, na yi da mai unguwa. Amma uwa ta ce ba ta yafe ba, wannan ba gardama a cikinsa. Na bar geron a turmi, kaji suka yi ta kewaya shi.

Da na shiga ɗaki na tarar tana kallon rufi, hawaye na gangara mata cikin kunne.

"Ka bar ni in tafi, Malam."

"Ba inda za ki."

"Uwa ce fa."

"Na sani. Ni ta haifa."

"To yaya za ka yi?"

"Ban sani ba tukuna."

Ta kama hannuna tana shafa tsagar da ruwa ya yi mini a yatsa. "Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa yin mako a wani wuri ba. In aka fitar da ni a ɗauke, kamar gawa... ban san yadda zan dawo ba. Wallahi ba hanyar nake tsoro ba."

"Me kike tsoro?"

"Wa zai riƙa yi mini tuwo mai tsakuwa?"

Tana dariya tana kuka. Na share mata fuska da bakin rigata, na ce, "Amaryata, ki kwantar da hankalinki. Ina raye ba mai fitar da ke."

Na faɗa ne kawai. Ban san ta inda zan cika ba.

Washegari na yi mata kunu da garin kanti, ta kurɓa sau ɗaya ta ajiye. Gidan ya wuni shiru, ba daka ba komai, kamar gidan da aka yi rasuwa. Da yamma dabara ta zo mini. Tsohuwa ba ta jin maganata, amma tana jin ta Ɗanjuma, shi ya taɓa yi mata ɗorin hannu. In ya zo da bakinsa ya ce ƙafar nan ba za ta iya ramukan hanyar Matazu ba, za ta saurara.

Na gaya wa Zaituna. Ta ce, "In ta ƙi fa?"

"Ba za ta ƙi ba."

"Ka san Tsohuwa. Ta riga ta faɗa a gaban Zubair."

Juma'a da safe na shirya zan hau keke zuwa ƙauyen su Ɗanjuma. Ta ce, "Malam, yayyafa wa geron nan ruwa ka bar shi a turmi. Nana Aisha ta ce za ta leƙo ta surfa mini." Na yi. Ta ce, "Jawo turmin kusa da rumbu, can rana ta fi bugawa, kada ta ji sanyi." Na jawo. Ta ce, "Miƙo mini sandar nan, kaji suna shigo mini ɗaki." Na miƙa mata.

Gajiya takan toshe wa mutum kai. Ban kawo komai a raina ba.

Na samu Ɗanjuma ya gama karin kumallo, na goyo shi a bayan keke. Rana ta ɗan ɗaga muka shigo gari. Muna kawowa bakin lungunmu na ji.

Dum, tafi, dum.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na fara ji. Ƙirjina ya buɗe kamar ranar zauren Matazu. Na daɗe ban ji sautin nan ba, har murmushi na yi, har na sassauta taka keke don in ƙara saurara.

Ɗanjuma ne ya taɓa kafaɗata. "Maiwada, wa ke daka a gidanka?"

Na yar da keken da shi da komai na ruga.

Ban kai zaure ba na ji tafi, na jira dum, bai zo ba. Sai ƙarar tabarya tana gangara a ƙasa.

Tana kwance a gindin rumbu. Turmi ya kife, gero ya watse, kaji sun rufar masa. Kararen ɗorin sun goce, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Ba ta yi ihu ba, zaninta ta cusa a baki don kada a ji ta katanga.

Na tallafo kanta. Goshinta sharkaf da zufa.

"Me kika yi? Zaituna, me kika yi?"

"Na jingina da rumbu... da ƙafa ɗaya nake tsaye, Malam, wallahi da ɗaya. Lafiya lau nake yi..."

"To me ya kai ki cilla tabarya?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"In ban tafa ba, ta yaya Tsohuwa za ta san ni ce?"

Ɗanjuma ya tsuguna yana duba ƙafar, yana girgiza kai. "Mai cilla tabarya ƙafa biyu take kafawa kafin ta cafe. Jiki ya saba, ba ya shawara da mai shi."

Muna haka sai ga sallamar Tsohuwa daga zaure, muryarta wasai, rabon da in ji ta haka tun kafin sanyi.

"Alhamdu lillahi, masu gida an tashi. Ai tun daga ɗaki na ce wannan hannun Zaituna ne. Na ce da Zubair ya sallami mai mota..."

Ta fito tsakar gida da ɗan ƙullin tsamiya a hannu, ta kawo wa mai kunu. Ta ga turmi a kife. Ta ga ƙafar.

Ƙullin ya faɗi. Ta nemi bango ta dafa, ta zame ta zauna a ƙasa. 

Ɗanjuma ya miƙe ya kaɗe gwiwa. "Wannan ta fi ƙarfin kararena. Ƙashin ya fara kamawa ya sake ɓallewa. Ku nemi mota, sai asibiti."

Motar da aka yi wa magana don Matazu, ita ta kai mu Malumfashi.

Sauran sanyin a can muka ƙare shi, ita a gado, ni a tabarma a baranda tare da sauran masu jinya. Aka yi mata aiki, aka sa ƙarfe. Likitan bai yi mini kwana-kwana ba, ya ce za ta taka, amma ba kamar da ba. Najiba ta haihu muna can, namiji, a waya muka ji kukansa. Zaituna ta rungume wayar a ƙirji tana cewa, "Maigidana, ka yi haƙuri, amaryarka ba ta zo wanka ba."

Washegarin ranar da muka dawo gida, da safe Tsohuwa ta shigo. Ba bargo, zafi ya fara. Ta wuce kai tsaye wurin turmi, ta zuba gero da kanta, ta ɗauki tabarya. Ta ɗaga ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Ba ta yi nisa ba numfashinta ya sarƙe.

Ta juyo ta miƙo mini.

"Karɓi."

Na mayar da hannuna baya.

"Na ce karɓi. Na janye maganata. Na yafe, duniya da lahira." Ta dubi Zaituna da ke zaune a bakin ƙofa, ƙafa a miƙe. "Ke kuma ban san da bakin da zan roƙe ki ba."

"Haba Tsohuwa," in ji Zaituna. "Ɗanki kika tausaya wa. Ni ma shi na tausaya wa."

Na karɓi tabaryar. Na ɗaga na sauke, irin nawa na faskare. Kafin in sake ɗagawa sai na ji tafi daga bakin ƙofa.

"Saki hannunka, Malam. Bi tafina."

Na bi.

Har yau haka muke yi. In zan yi daka sai ta jawo kujera ta zauna kusa, ina saukewa tana tafawa. Masu shayi sun gaji sun daina tsokana. Baƙon da ya bi lungunmu da safe zai ji dum, tafi, dum, ya ɗauka matar gidan ce tsaye a kan turminta.

Zaituna ba ta je Matazu ba, tana ɗakinta. Ƙafarta ta hagu ta gajarce, da sanda take zuwa ko'ina, kuma duk shekara in sanyi ya kama sai ƙarfen ya hana ta barci. Ba ta ƙara tsayawa a kan turmi ba.